Bazara A Birnin Benis: Gari Ya Cika Da Baƙi, Masu Gari Na Raguwa

A arewa maso gabashin ƙasar Italiya akwai wani tsohon birni da ake kira Benis, wanda mota da jirgin ƙasa iyakarsu bakin gari. An gina shi ne a kan ƙananan tsibirai 118 a cikin wani makeken tafki na ruwan gishiri, gidajensa kuwa suna tsaye ne bisa turakun itace da aka kakkafa cikin laka tun ɗaruruwan shekaru. Hanyoyin ruwa su ne titunansa, gadoji fiye da 400 ne suka haɗa unguwa da unguwa. Mai ciwo a jirgin ruwa ake kai shi asibiti, shara a jirgin ruwa ake kwashe ta, gawa ma a jirgin ruwa ake kai ta makabarta.

Sa'ad da bazarar Turai ta shigo, watau daga watan Yuni zuwa farkon Satumba, rana ba ta faɗuwa a tsakiyar lokacin sai wajen ƙarfe tara na dare, birnin kuwa yakan zama tamkar dandali guda. Babban abin da ke jan masu ilmi shi ne bajekolin fasaha da ake kira Biennale, wanda aka fara a 1895. Shekara guda a nuna zane-zane da sassaƙe-sassaƙe, shekara mai biyowa a nuna fasahar tsara gine-gine. Ana yin sa a wani lambu mai suna Giardini, inda ƙasashe kusan 30 suka mallaki zaurukansu na dindindin, da kuma Arsenale, tsohuwar masana'antar da ake ƙera jiragen ruwa a zamanin da Benis ke jamhuriya mai riƙe da cinikin Bahar Rum. A 2024 mutum kusan dubu 700 suka sayi tikitin shiga.

Daga Afirka, Masar ce kaɗai ke da zaure a cikin lambun nan. Amma hannun 'yan Afirka ya daɗe da isa wurin. Marigayi Okwui Enwezor, ɗan Nijeriya, shi ya shugabanci bajekolin 2015, shekarar da aka ba El Anatsui, mutumin Gana da ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Nsukka, lambar Zakin Zinariya saboda aikin rayuwarsa. A 2023 irin wannan lamba ta je hannun Demas Nwoko, wanda ya koyi zane a Zariya, a kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello. Nijeriya kanta ta baje kolinta da sunan ƙasa a 2017, ta sake komawa a 2024.

Ƙarshen watan Agusta kuma taurarin silima ke sauka a tsibirin Lido domin bikin fina-finai da aka kafa a 1932, wanda ya girmi duk ire-irensa a duniya. Ran Lahadin farko ta Satumba sai a yi tseren kwalekwale a babbar hanyar ruwa da ta ratsa gari.

To, galibin waɗannan bukukuwa na duniya ne, Benis masauki ce kawai. Wanda ke son ganin abin da mutanen garin suka ɗauka nasu, lalle ya kasance can a ƙarshen mako na uku na watan Yuli, lokacin bikin Redentore. Asalin wannan biki daga makoki ya faro. Tsakanin 1575 da 1577 annoba ta faɗa wa birnin, ta hallaka mutum wajen dubu 50, kusan ɗaya cikin kowane uku. Da abin ya tsananta, majalisar jamhuriya ta yi bakance cewa in Allah ya yaye musu za ta gina majami'a, kuma kowace shekara shugabanni da talakawa za su taka zuwa can su yi godiya. Aka ba shahararren magini Andrea Palladio aikin, ya tsara ta a tsibirin Giudecca, aka keɓe ta a 1592. Da yake ruwa ne ya raba tsibirin da sauran gari, sai aka riƙa jera jiragen ruwa gefe da gefe, a shimfiɗa katako a kai, jama'a su ƙetare da ƙafa. Har wa yau kowace shekara akan kafa gadar nan mai iyo, tsawonta ya wuce mita 300, a kwance ta bayan biki.

Tun da la'asar ɗin Asabar iyalai ke fitowa da jiragensu, an ƙawata su da rassan itatuwa da fitilun takarda masu launi. Wani jirgin ɗan ƙarami ne na kaka da jikoki, wani kuwa na dakon kaya ne da aka wanke, aka jera masa tebur da benci. Su taru su cika mashigin da ke gaban dandalin San Marco, har mutum ya kusa rasa ganin ruwa. Waɗanda ba su da jirgi sukan fito da teburan gidajensu bakin gaɓar Giudecca, maƙwabci kusa da maƙwabci. Abincin daren sananne ne: soyayyen kifin sadin da aka jiƙa cikin albasa da ruwan tsami, da gasasshiyar agwagwa, a rufe da kankana. Wajen ƙarfe sha ɗaya da rabi sai a fara wasan wuta, tartsatsi ya yi ta fashewa a sama yana faɗowa cikin ruwa, hasumiyoyi da ƙubbobin gari su riƙa sauya launi, har bayan sha biyu. Bisa al'ada matasa sukan zarce bakin tekun Lido su jira fitowar rana.

Sai dai akwai wata ƙididdiga da ba ta cikin takardun da ake raba wa masu yawon buɗe ido. A 1951 mutum kusan dubu 175 ke zaune a tsohon birnin. A 2022 adadin ya faɗo ƙasa da dubu 50, watau bai kai yawan waɗanda annobar can ta kashe ba. A tagar wani kantin magani kusa da gadar Rialto an kafa allon lantarki mai nuna yawan mazaunan da suka rage, masu wucewa na dubawa kamar yadda ake duba ma'aunin zafin majinyaci. Dalili ba ɓoyayye ba ne. Mai gida ya gane kwana kaɗan na baƙo ya fi kuɗin hayar ɗan gari na wata guda, mai gasa burodi ya rufe, mai sayar da tsarabar baƙi ya buɗe a wurinsa, sai matasa masu sabon aure su tattara su koma Mestre, garin da ke kan tudu a tsallaken tafki. Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba, amma a Benis raɓar ce ke neman tumɓuke kabar.

Hukuma ba ta naɗe hannu ba. A Agustan 2021 gwamnatin Italiya ta hana manyan jiragen shaƙatawa ratsa mashigin Giudecca, a 2024 kuma hukumar birni ta gwada karɓar Yuro 5 daga masu zuwa yini ɗaya a ranakun cunkoso. Matakin farko ya yi amfani, domin igiyar ruwan da jiragen ke tayarwa tana cin gindin gidaje. Na biyun kuwa da wuya ya mayar da ko iyali guda gidansu. Wanda ya biya kuɗin jirgin sama daga Amurka ko Japan, Yuro 5 ba za ta sa ya fasa ba. Maganar gidajen haya ita ce ainihin ciwon, kuma ita ce aka fi jan ƙafa a kanta.

Ran Lahadin Redentore, bayan yawancin baƙi sun koma masaukansu, akan yi tseren kwalekwale kashi uku a mashigin Giudecca. Na farko na yara matasa ne, biyu-biyu a kowane jirgi. A tsaye suke tuƙi, suna fuskantar gaba, irin tuƙin da ba a yin sa sosai sai a wannan tafki, iyaye da kakanni kuwa na bakin gaɓa suna kiran sunayensu da harshen garin.