Bikin da Sai da Fasfo: Magana ga Waɗanda Aka Kai wa Kati



Wata sabuwar al'ada ta taso daga Abuja da Kano da Legas, yanzu kuma tana neman gindin zama a unguwar nan tamu. Mutum zai aurar da 'yarsa, ango ɗan gida, amarya 'yar gida, iyaye da kakanni duk ga su nan a Ibadan, amma katin gayyata ya ce biki a Dubai. Da farko mun ɗauka abin na 'ya'yan gwamnoni ne, mu namu kallo a waya. To ga shi kati ya fara shiga gidajen 'yan canji da fataken shanu da dillalan goro. Mai biki ya riga ya yanke shawararsa tun kafin ya je wajen mai buga kati. Mu da kai muke magana yau, kai da aka kawo wa katin har gida, kake juya shi a hannu kana lissafin abin da za ka sayar.

Abu na farko da za a tsorata ka da shi shi ne addini. Za a ce maka amsa gayyatar walima wajibi ne. Gaskiya ne, haka muka karanta a littattafan Malikiyya, daga Risala har Askari: wanda aka kira shi da sunansa zuwa walimar aure, ya je. Amma malaman da suka faɗi haka ba su tsaya nan ba, sun jero sharuɗɗa. In akwai abin ƙi a wurin, an ɗauke maka. In zuwan zai cutar da kai, an ɗauke maka. In akwai wahala mai yawa ko nisa, an ɗauke maka. To wace wahala ta wuce a ce sai ka nemi biza, ka sayi tikitin jirgi, ka kama ɗakin otal, ka rufe shago mako guda, kafin ka ci shinkafar walima? Duk wanda ya ce maka ka yi zunubi don ba ka je Dubai biki ba, ka ce ya kawo littafin, mu buɗe tare a zauren masallaci bayan la'asar.

Akwai ma abin da ya fi wannan nauyi. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa an kira abincin walimar da ake gayyatar mawadata a bar talakawa da mafi sharrin abinci. Walimar da aka kai bayan teku fa? Ba sai an sa ɗan sanda a ƙofa ya kori talaka ba, kuɗin jirgi ya riga ya kore shi. Ladanin da ya kira sallar asubar ranar sunan yarinyar ba zai je ba. Malamar Islamiyyar da ta koya mata alifun ba za ta je ba. Gwaggon da ta goya ta ba ta da fasfo. Maƙwabcinmu Bayarabe da aka yi shekara talatin ana gaisawa ta katanga, sai dai ya ji labari. Wa ya rage? Masu hali, da waɗanda suka ci bashi don a ɗauke su masu hali.

Wani mai ɗan karatu ya ce ai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi walimar Nana Safiyya a kan hanyar tafiya. Haka ne, a hanyar dawowa daga Haibara. Amma tafiyar ce ta riski auren, kuma mutanen da ke tare da shi su aka ciyar, da dabino da cuku da man shanu, babu nama babu gurasa. Ba a aika Madina an ce kowa ya ɗaura wa raƙuminsa sirdi ya taho cin walima ba. Abdurrahman ɗan Aufu, ɗan kasuwa irinmu, da ya yi aure, abin da aka umarce shi da shi walima ce ko da da akuya ɗaya. Akuya ɗaya kuwa a kara take, nan Akinyele.

Sai maganar kuɗi, wadda mu 'yan Sabo bai kamata a yi mana bayaninta ba, tunda a bakin titinmu ake canjin dala. A farkon 2023 farashin gwamnati bai kai naira 500 ba. A 2024 dala ta haura naira 1,500. Kuɗin Dubai, wato dirhami, a ɗaure yake da dala: dala ɗaya dirhami 3.67, ba ya motsi. Ke nan in dala tana 1,500, kowane dirhami ɗaya da ka miƙa wa mai tasi ya haura naira 400. Tikiti da dala ake lissafa shi, otal haka, biza haka. Mu kuma ribarmu da naira take shigowa, a kan kwandon tumatir da huhun goro. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000, a ce mutum ya kwashi abin da zai riƙe gidansa watanni ya ƙone shi a kwana huɗu don a gan shi a hoto? Haba jama'a.

Wanda ya kashe rarar kuɗinsa, tsakaninsa da aljihunsa. Damuwarmu wanda ya taɓa jari. Kowane ɗan kasuwa ya san jari kamar iri yake a hannun manomi, in ka dafa shi ka ci, damina za ta zo ta same ka kana kallon gonar wasu. Muna zama a zaure ana kawo mana ƙara, mun san yadda abin ke ƙarewa: an karɓi kayan mutane a kan amana, an juya kuɗin an yi tafiya, an dawo da turare da hotuna, mai kaya ya zo daga Arewa yana sallama a ƙofar gida ana cewa ba ya nan. Amanar da kakanninmu suka gina unguwar nan a kanta tun 1916, har Bahaushe ya turo shanu daga Sakkwato ba tare da takarda ba, ita ake sayarwa a kan kuɗin otal.

Iyayenmu mata da ƙannenmu, ku abin ya fi matsa wa, mun sani. An fitar da anko kala uku, an buɗe zauren WhatsApp, kowace tana rubuta "in sha Allahu da ni". Ke kuma kin ji kunyar a ce ba ki da shi. Sai a kwashe adashi tun kafin zagayenki ya zo, a kai sarƙa wajen mai gwal, a hana maigida barci. Hajiya, ki tambayi kanki: ranar da kika kwanta asibiti, cikin matan zauren nan su nawa za su hau ko da acaba su zo duba ki? Wadda za ta yanke zumunci da ke don ba ki bi ta Dubai ba, da ma can zumuncin bai kai kuɗin tikitin ba.

Za su ce zumunci a ƙafa yake. Mun yarda, a ƙafa. Shi ya sa ba mu haɗa wannan magana da bikin 'yan'uwanmu na Nima a Ankara, ko Zangon Kumasi, ko Kwatano. Can gidan amarya yake, can waliyyinta yake, can maƙwabtanta suke, kuma hanyar tsohuwa ce, ta fataken goro tun zamanin Gwanja. Ka hau mota daga Legas, ka bi Seme ka ratsa Binin da Togo ka shiga Gana ta Aflawo, babu biza, fasfonka na ECOWAS ya ba ka kwana 90. Ka sauka gidan dangi, ka ci tuwon gida. Wannan shi ne zuwa inda mutane suke. Bikin Dubai kuwa kwashe biki ne daga inda mutane suke a kai shi inda babu kowa sai ma'aikatan otal.

Za su ce kuɗinsa ne, ya yi yadda ya so. To ya yi. Amma in da gaske kuɗinsa ne, ya biya wa duk wanda ya gayyata jirgi da masauki. In ya aiko kati kawai, to rabin bikin da kuɗinka za a yi shi. Wasu kuma su ce can ya fi kwanciyar hankali, babu cinkoso, babu maroƙa, babu 'yan cin arziki. Wannan ita ce gaskiyar maganar, kuma gara da suka faɗa. Gudun jama'a ake yi. Mu kuwa baƙi ne a ƙasar nan, jama'a ita ce garkuwarmu. Da rikicin kasuwar Shasha ya tashi a Fabrairun 2021, waɗanda suka buɗe ƙofofinsu suka ba da tabarma da abinci, ai irin mutanen nan ne da ake gudun su cika wajen biki.

Duk da haka mun san akwai wanda zai je: uban ango, ko ƙanwar amarya, ko wanda Allah ya hore masa. In ka zama cikinsu, ga abin da muke roƙon ka kiyaye.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Duba fasfonka tun yau, sai ya kasance da sauran aƙalla wata shida a kansa. Ka nemi katin rigakafin cutar shawara na gaskiya, wanda aka yi maka allurar, kada ka sayi na bakin hanya. Kada ka biya tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito. Ku tuna a Oktoban 2022 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta daina bai wa 'yan Najeriya biza, ba a buɗe ba sai Yulin 2024, kuma jirgin Emirates bai dawo Legas ba sai Oktoban 2024. Ƙofar da aka taɓa rufewa dare ɗaya ana iya sake rufe ta, sharuɗɗanta ma sukan canza. Ejan ɗin da ya ce ka turo kuɗi asusunsa na kansa zai "san yadda za a yi", ka riƙe kuɗinka.

Kada ka karɓi saƙon kowa. Ko na wa? Ko na wa. A tafiyar biki ne ake cewa "Alhaji ga 'yar jakar anko ka riƙe mana". In ba a buɗe ta a gabanka ka ga abin da ke ciki ba, ka ba da haƙuri. Ba mu manta da ɗalibar nan 'yar Arewa da aka kama a Saudiyya a ƙarshen 2018 ba, saboda jakar ƙwaya da wasu suka liƙa wa sunanta a filin jirgi. Sai a Afrilun 2019 aka sake ta, bayan gwamnati ta sa baki. Kai wa zai sa baki dominka? Ka ƙirga jakunkunanka, ka riƙe 'yar takardar kowace. Maganin da ke da tiramol ko kodin a ciki, kada ka shiga da shi Dubai sai da takardar likita da izininsu. In za ka zarce Umara, ka bar goro a gida, Saudiyya ta hana shiga da shi. Kuɗin da ya haura dala 10,000 kuma sai ka bayyana wa kwastan.

Can ba Sabo ba ce. Ɗaukar hoton mutum ba da izininsa ba laifi ne a dokarsu, balle ka watsa shi a intanet. Zagi da faɗa a bainar jama'a na iya kai ka gaban alƙali. Ranar da bizarka ta ƙare, ka tabbata ka fita. Kowace rana da ka ƙara tarar dirhami 50 ce, sama da naira 20,000 ke nan in dala tana 1,500. Matasanmu da ke raya wa ransu su fake da biki su ɓace su nemi aiki, ku ji tsoron Allah. Wanda ya hau motar kwaɗayi, tashar wulaƙanci zai sauka, kuma irin wannan ne ke ja wa na baya a rufe musu ƙofa. In bikin ya faɗo tsakanin Yuni da Agusta, zafi kan wuce digiri 40, kada a ja tsoho mai hawan jini ko ciwon suga a kai shi.

Sallarka kuma tana nan a kanka. Dubai tana gabanmu da awa uku, ka gyara agogo da saukarka. Tafiyar ta wuce mil 48 nesa ba kusa ba, don haka kana da kasaru, amma in ka yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku, sai ka cika. Jirgi daga Legas yakan ɗauki wajen awa takwas, ka tambayi malaminka yadda za ka yi da sallar da ta riske ka a sama tun kafin ka tashi. In ka shiga zauren dina ka tarar da giya a kan tebur, ka tashi. Tsadar tikiti ba ta halatta zama.

Kai kuma da ba za ka je ba, kada ka ɓuya, kada ka ƙirƙiro ciwon ƙarya. Ka taka har gidan mai biki, ka yi masa murna, ka miƙa gudummawarka daidai ƙarfinka, ka ce: "Alhaji, Allah ya sanya alheri. Dubai ta fi ƙarfina, amma ranar da za a yi walima a nan, ni ne mai shimfiɗa tabarma." Mutum goma suka faɗi haka, mai biki na gaba zai sake tunani kafin ya buga kati, don ba a yin biki da kujeru.

Masu aurarwa, roƙonmu ɗaya ne. Aure waliyyi ne da sadaki da shaidu biyu da siga, duk muna da su a Sabo. Ku ɗaura a masallacin unguwa, sanƙira ya sanar, a raba goro da dabino, a dafa abinci almajiri da attajiri su ci. Bayan nan ango ya ɗauki amaryarsa su tafi Dubai su biyu, mu raka su da addu'a har bakin mota.

Allah ya ba 'ya'yanmu zaman lafiya da zuriya ɗayyiba, ya rufa mana asiri, ya raba mu da bashin da babu dalili. Wassalamu alaikum.