Zauren Malam: Ƙaramar Bindiga da Babban Naman Daji



Zancenmu na wannan wata a kan libarba ne, watau ƙaramar bindigar nan da a ke riƙewa da hannu ɗaya, wadda samarin yanzu su ke kira fistol. Mutanen ƙauye da yawa, musamman masu gona nesa da gari, suna tsammani da za su sami irinta su soke a ƙugu, da sun rabu da tsoron naman daji ke nan. Ko gaskiya ne? Ba sai mun yi ta musu a bakin kasuwa ba, gama akwai inda aka zauna aka ƙidaya abin.

Sunan wurin Alaska. Jiha ce ta Amurka can arewa ƙwarai, ƙasar sanyi da ƙanƙara, wadda Amurka ta saya daga hannun Rasha a 1867. Yawancinta daji ne, ƙauyuka da dama ko hanyar mota ba ta kai gare su, dokarsu kuma ta yarda mutum ya fita da bindigarsa. Dabbar da su ke tsoro ita ce beyar. Ba mu da ita a nan. Tana da gashi ƙwarai, da farata masu tsawo kamar yatsun mutum, babban namiji kuwa ya kan kai nauyin buhun masara huɗu ko fiye. Irin ja-ja ɗin kaɗai an kimanta sun kai 30,000 a jihar.

Wasu masana, cikinsu har da Tom Smith na Amurka da Stephen Herrero na Kanada, suka tattara labarin karo 269 da aka yi tsakanin beyar da mutane masu bindiga, tun daga 1883 har 2009, suka buga sakamakon a 2012. Ga abin da suka samu. Masu libarba sun tsai da dabbar sau 84 cikin ɗari, masu doguwar bindiga kuwa sau 76. Mai son libarba zai ce, to, ai magana ta ƙare. A dakata tukuna. Masu libarbar ba su da yawa cikin lissafin, har masanan da kansu suka ce bambancin bai isa a dogara da shi ba. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne wannan: cikin waɗanda dabbar ta zo musu kurkusa, wanda ya harba da wanda bai harba ba, yawan raunin da suka ji ɗaya ne. An kashe beyar cikin kashi 61 na waɗannan karo, amma mutuwarta ba kullum ta kan zo da wuri yadda za ta ceci mai harbin ba.

Dalilin ba wuya, ko 'yan aji shida za su iya lissafa shi. Beyar ta kan yi gudun mil 30 cikin awa ɗaya, har da ɗoriya. Idan ta fito daga cikin kurmi yadi 30 daga inda ka ke, daƙiƙa biyu ke nan ta iso. Cikin daƙiƙa biyun nan sai ka gane abin da ke zuwa, ka yar da kayan hannunka, ka zaro bindiga, ka auna, ka ja kunama, duk kuwa jikinka yana ɓari. Abin da za ka auna ba ya tsaye, kansa yana sama yana ƙasa. Cikin labarun da aka tara, akwai waɗanda ba su sami zarafin zarowa ba sam, akwai waɗanda bindigar ta cije musu, akwai waɗanda suka yi tuntuɓe suna ja da baya, akwai kuma waɗanda suka kasa harbi don dabbar ta riga ta danne ɗan'uwansu, suna tsoron su same shi. Har wa yau harsashin libarba ba shi da ƙarfin na doguwar bindiga. Kowane maharbi ya sani naman da aka yi wa rauni ya fi mai lafiya haɗari.

Masanan sun lura kuma abin da ya fi nuna yadda karon zai ƙare ba irin bindigar ba ne, ba kuwa yawan harbin ba. Abin dubawa shi ne wace irin beyar ce, ko uwa ce da 'ya'ya, me mutumin ya ke yi sa'ad da suka gamu, ko yana ɗauke da kifi ko nama. Watau yawancin shari'ar an riga an yanke ta tun hannu bai kai ƙugu ba.

Mutanen can suna da wani makami dabam, ɗan gwangwani mai fesa ruwan barkono, ɗan'uwan barkonon tsohuwa da 'yan sanda su ke harbawa. A 2008 Smith da Herrero da abokan aikinsu sun duba karo 83 da wannan gwangwani ya shiga ciki, daga 1985 zuwa 2006. Ya kori jar beyar sau 92 cikin ɗari, mutum uku kaɗai suka ji rauni, ba wanda ya mutu. Feshin ya kan bazu kamar hayaƙi, saboda haka ko mai rawar hannu ba ya kuskure. Amma fa kada mu ɗora lissafin biyu bisa ma'auni ɗaya mu ce an gama, gama labarin bindiga da ya kan kai jarida shi ne wanda aka zub da jini a ciki. A ganina darasin bai wuce wannan ba: bindiga ta kan taimaki gwani wanda ya saba da ita, ga saura kuwa ƙarfin zuciya ta ke ƙarawa, har mutum ya kutsa inda da hannu wofi ba zai kutsa ba.

To, mu komo gida. A Nijeriya dokar makamai ta 1959 ta sa libarba cikin jerin haramtattun makamai, tare da bindiga mai sarrafa kanta. Ba daidai ta ke da adakar maharba ba. Lasisinta a hannun Shugaban Ƙasa ya ke, wanda aka kama da ita ba izini kuwa kurkuku ne makomarsa. Ko da doka ta ƙyale, mai gida ya tuna naman dajin sau ɗaya zai gamu da shi cikin shekaru, watakila ma ba zai gamu da shi ba, bindigar kuwa kullum tana ɗaki ɗaya da yara, yara kuma ba abin da a ke ɓoye musu ƙarƙashin katifa.

Sa'an nan wane nama ne ya ke kashe mu? Dorina, wadda ta kan haura kilo 1,000, libarba tsokana ce kawai gare ta. Mai hankali ba ya shiga tsakaninta da ruwa, ba ya kuwa bin turbarta da dare. Amma babban mai kisa ƙarami ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce saran maciji yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 kowace shekara. Kububuwa da ke cika asibitin Kaltungo a Jihar Gombe lokacin shuka da girbi, tsawonta bai fi kamu ɗaya da 'yan kai ba, ba ka ganinta sai ta sara. Wa za ka harba? Takalmin roba mai tsawo da tocila da share ciyawa kewaye da gida sun fi harsashi amfani, in kuwa an yi saran, a bar tsaga da ɗauri, a nufi asibiti mai allurar dafi.

Haukan kare kuma yana ɗauke wajen mutum 59,000 a shekara a duniya, kusan huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Sau da yawa karen na maƙwabci ne, yaron ma ya san sunansa. Idan ya yi cizo, uwa ta wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15 cur, a duba agogo, sa'an nan a kai yaron a fara masa allura a ranar, ko da cizon ɗan ƙarami ne, gama in alamun ciwon suka bayyana magani ba ya cinsa kuma.