Wanda Jarinsa Ya Karye, Ya Halatta Ya Shiga Soja?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, a shekarar 2025 farashin hatsi ya faɗi ƙwarai a ƙasar nan. Samari da yawa na ƙasar Gaya da Ajingi, masu sarin gero da dawa da masara daga kasuwannin ƙauye irin su Kademi zuwa Dawanau, da dukiyar mutane suke juyi. Da jari ya karye, sai waɗansu suka nufi shiga soja, iyayen gidansu kuwa suna tambaya: shin wanda ake bi bashi yana da ikon ya tafi?

Ta wajen dokar ƙasa, akwai Dokar Karyewar Arziki ta 1979, kuma Tsarin Mulki na 1999 ya hana wanda kotu ta yanke wa hukuncin tsiyacewa tsayawa takarar majalisa ko gwamna har sai an wanke shi. Amma wajen ɗaukar kurata, abin da aka fi dubawa shi ne shekaru, da lafiyar jiki, da takardun makaranta, da shaidar ƙaramar hukuma, da kuma cewa kotu ba ta taɓa kama mutum da laifi ba. Bashin kasuwa wanda ba a kai gaban alƙali ba, ba ya bayyana a takarda. Saboda haka yaro yana iya isa barikin horon kurata na Zariya, wanda aka kafa tun 1924, ba wanda ya san yana ɗauke da haƙƙin mutane. To, a nan ne Shari'a take da magana.

Aikin soja aiki ne na albashi, amma ya haɗa abu biyu waɗanda malaman fiƙihu suka yi hukunci a kansu, watau doguwar tafiya da fuskantar mutuwa. A Muhtasar na Shaihu Halilu da sharhohinsa hali uku ne. Na farko, bashin da lokacinsa ya yi kuma mutum yana da abin biya. Wannan ba shi da ikon fita, ko da zuwa jihadi ne na farilla kifaya, sai ya biya ko mai dukiya ya yi masa izini. Na biyu, bashin da lokacinsa zai cika yana can. Mai dukiya yana da ikon hana shi, sai fa in ya naɗa wakili ko ya kawo mai lamuni. Na uku, wanda ya tsiyace ƙarƙaf, aka tabbatar ba shi da kome. Wannan ba a tsare shi, domin aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta yi umurni a saurara wa mai ƙunci har ya sami yalwa.

Idan bashi ya kewaye dukiyar mutum, alƙali yakan sayar da abin da ya mallaka, ya bar masa abinci da tufafi, ya raba saura gwargwadon haƙƙin kowa. Misali, wani yana binsa Naira 600,000, wani 300,000, abin da aka samu kuwa 300,000 ne: na farko ya karɓi 200,000, na biyu 100,000. Amma a lura, ragowar ba ta faɗi ba. Tana nan a wuyansa, kaki ba ya kankare ta. Hadisi ya inganta a cikin Sahihu Muslim cewa ana gafarta wa shahidi kome da kome ban da bashi. In haka ne ga shahidi, ina ga wanda ya shiga bariki don ya ɓace wa masu binsa?

Mu dubi magabata. Abdullahi ɗan Amru, mahaifin Jabir, a daren yaƙin Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, ya kira ɗansa ya yi masa wasiyyar biyan bashinsa, kashegari ya yi shahada. Haka Zubairu ɗan Awwamu ya yi da ɗansa Abdullahi a ranar Raƙumi, shekara ta 36. Ba su fasa fita ba, ba su kuma fita da dukiyar mutane a ɓoye ba.

Nasiharmu ga saurayi ita ce, kafin ka cika takarda, ka je wurin maigidanka tare da mahaifinka ko limamin unguwa. A rubuta bashin da shaidu biyu kamar yadda aya ta 282 ta koyar, a yanke abin da za ka riƙa aikowa daga albashi kowane wata, a kuma sanar da magadanka, domin bashi yana gaba da gado.

Ku kuma attajirai, kada fushi ya sa ku toshe wa yaro ƙofar da kuɗinku za su fito ta cikinta. Wanda yake zaune a ƙofar gida ba sana'a, da me zai biya? Kuma ku tuna aya ta 60 ta Suratut Tauba ta sa waɗanda bashi ya danne cikin masu cin zakka.

Allah Ya warware wa kowane Musulmi bashinsa, Ya tsare sojojinmu, Ya sa mu cika da imani, amin.