Sharhi: Idan mai wayar da kai kan doka ya yanki fom ɗin kansila



A 'yan shekarun nan an samu matasan lauyoyi da suka ɗauki nauyin fassara wa talaka doka kyauta da harshensa: yadda ake belin wanda 'yan sanda suka tsare, haƙƙin ɗan haya, abin da ake yi idan an cinye wa mutum fili. Jama'a sun yarda da su. To, yanzu wasunsu sun fara leƙen kujerar kansila, musamman tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye.

Ba ma ƙin su. Majalisar ƙaramar hukuma na matuƙar buƙatar wanda ya taɓa buɗe Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999, ya ga cewa kasuwanni, tasha, mayanka, maƙabarta, kwashe shara da rajistar haihuwa duk aikinta ne. Kansiloli nawa ne suka san haka? Da yawa sun ɗauka aikin bai wuce raka ciyaman ta'aziyya ba.

Amma akwai ƙura. Sashe na 221 bai bar ɗan takara mai zaman kansa ba. Dole ka shiga jam'iyya. Kuma mun ga zaɓen Kano na Oktoban 2024, inda jam'iyya mai mulkin jihar a lokacin ta kwashe shugabanni 44 da kansiloli 484 kaf, kamar yadda aka saba gani a jihohi da dama ko wace jam'iyya ke riƙe da su. Wanda ya samu tikiti a irin wannan tsari, ai akwai mai gidan da ya ɗaga masa hannu. Gobe idan aka rushe rumfunan 'yan kasuwa ba tare da sanarwa ba, suka zo tambayarsa ko suna da hurumin kai ƙara, da wane baki zai ba su amsa?

Abin da ya fi damun mu ma shi ne sirrin mutane. Matar da mijinta ya rasu ta rubuto tana tambaya kan tumunin takabarta, ta bar suna, unguwa da lambar waya, don 'yan'uwan miji sun rufe ɗaki sun tafi da makulli. Bayan wata uku sai saƙon kamfe ya shigo mata: Hajiya, kar ki manta da mu ranar Asabar. Wannan cin amana ne, ko da Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ba ta hana amfani da bayanin mutum a kan abin da bai amince da shi ba, balle ma ta hana.

Saboda haka ranar da mai wayar da kai ya yanki fom, ya miƙa aikin wayar da kan ga abokan aikinsa da ba sa takara, ya cire hotonsa, ya fito ya faɗa wa jama'a jam'iyyarsa. Kundin sunayen masu tambaya kuwa, kada ya kusanci ofishin kamfe. Idan Allah ya ba shi nasara, dokar ɗa'ar ma'aikata na jiransa: kansila ma sai ya bayyana kadarorinsa.