Tsakanin "In" da "Sai": Abin da Jarrabawar LSAT Ke Aunawa

Tun daga watan Agusta na 2024, jarrabawar LSAT, wadda makarantun koyon aikin lauya na Amurka da Kanada ke dogara da ita wajen ɗaukar ɗalibai, ta sauya kama. Hukumar LSAC mai shirya ta ta cire sashen da aka fi sani da wasannin mantiƙi, inda ɗalibi ke zana jadawali don gano wane zai zauna kusa da wane. Tushen cirewar ƙara ce da wani makaho, Angelo Binno, ya shigar yana cewa an tauye shi tunda ba ya iya zane, aka kuma yi sulhu a 2019. Yanzu sassa uku ake bai wa maki: biyu na auna hujja, ɗaya na fahimtar karatu. Wato kusan kashi biyu bisa uku na makin, wanda ke tashi daga 120 zuwa 180, ya rataya a kan abu guda: a ba mutum gajeren zance, ya tantance da'awa da dalili, ya kuma hango ramin da ke tsakaninsu.

Sauyin ya yi daidai, domin lauya ba zane yake yi a gaban alƙali ba. Abin da bai yi daidai ba shi ne yadda ɗalibai da yawa ke shiri, suna haddace jerin kalmomin Ingilishi, wai wannan alamar dalili ce, waccan alamar sakamako. Hadda irin wannan takan watse da zarar an sauya tsarin jimla. Alhali wanda ya san Hausa yana riƙe da mabuɗin babi mafi wuya a sashen, wato bambanci tsakanin isasshen sharaɗi da sharaɗin dole.

Hausawa na cewa in kunne ya ji, jiki ya tsira. A nan ji ya isa ya kawo tsira. Suna kuma cewa sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wannan "sai" ɗin wani abu daban yake faɗa: ba a jan ruwa da ciki wofi, amma karin maganar bai yi alkawarin cewa duk wanda ya ƙoshi zai ja ba, don igiya tana iya tsinkewa, rijiyar ma tana iya ƙafewa. Tambayoyi masu yawa a jarrabawar an gina su ne a kan wanda ya cakuɗa waɗannan biyu. Wani ya ga jiki ya tsira, sai ya yanke cewa lallai kunne ya ji; ya juya zancen baibai, domin wataƙila sa'a ce ta fisshe shi. Wani kuma ya ga kunne bai ji ba, sai ya ce tilas jiki ya halaka. Shi ma ya faɗi abin da ba a faɗa ba. Juyi ɗaya tak ya halatta: in jiki bai tsira ba, to kunne bai ji ba. A lura dai, ba kowane "sai" ne na sharaɗi ba. Na cikin "sai ya tashi ya tafi" jeranta aukuwa kawai yake yi.

Bambancin ba baƙo ba ne a zauren karatu. Malaman usulu sun daɗe suna bayyana sharaɗi da cewa rashinsa na hana abu samuwa, amma samuwarsa ba ta tilasta abin ya samu. Alwala sharaɗin salla ce, ba kuwa kowane mai alwala ne ya yi salla ba. Shehu Magili, wanda ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya yi rubutu a fannin mantiƙi, ya kuma kare shi daga sukar Suyuɗi.

Babi na biyu shi ne ɓoyayyen zato. A ce wani ya rubuta cewa tun da aka buɗe sabuwar kasuwa a garinsu sata ta ƙaru, saboda haka kasuwar ce ta jawo ɓarayi. Ya ɗauka, ba tare da ya furta ba, cewa babu wani abin da ya isa ya bayyana ƙaruwar. In aka gano cewa a wannan watan ne aka rufe ofishin ƴan sanda na garin, hujjar ta raunana. Hanyar gwada irin wannan zato mai sauƙi ce: a kore shi, in hujjar ta rushe, to a kansa take tsaye.

Masu suka na cewa jarrabawar Ingilishi take aunawa fiye da hankali, kuma maganarsu ba ta rasa ƙamshin gaskiya. Minti 35 ake bayarwa ga tambayoyi kusan 25, kowace da zaɓi biyar, ƙasa da minti ɗaya da rabi ke nan ga kowace tambaya; wanda ba harshensa na gado ba ne zai ji jiki. Sai dai saurin karatu da yawan gwaji ake samunsa, rikita "in" da "sai" kuwa ko ɗan asalin harshen ba ya tsira daga gare shi. Ɗalibin da ya mayar da jimla mai sarƙaƙiya zuwa Hausa a lokacin bita, ya tambayi kansa wanne daga cikin biyun ya dace da ita, ya fi mai hadda kusa da amsa.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne ƙa'idar karɓar dalili yadda aka kawo shi. Ko da zancen ya ce duk raƙuma na iyo a kogi, ba a nemi ɗalibi ya ƙaryata ba. An nemi ya faɗi ko sakamakon da aka ɗora a kai ya biyo baya. Cikin zaɓi biyar ɗin, sau da yawa akan saka wanda gaskiya ne a duniya amma bai taɓa hujjar ba, kuma shi hannu ke fara kaiwa gare shi.