Kafin Mu Raka Ɗanmu Tasha, Mu Tambaya Ina Zai Kwana



Kowace shekara, da zarar an kai dawa rumbu, an sayar da masara da waken soya da auduga, sai mu ga matasanmu suna sallama a gidan fasto suna neman addu'ar tafiya. Wani ya sami makaranta a Kano ko Zariya, wani aikin gadi a Kaduna, wani kuma zai bi abokinsa Abuja aikin gini. A 'yan shekarun nan har da magidanta da iyalansu, waɗanda 'yan bindiga suka hana noma a wajajen Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa. Mukan yi musu addu'a, mu raka su tasha, mu dawo gida da zuciya ɗaya. Amma akwai tambayar da ba mu cika yi ba: idan mota ta sauke shi, ina zai kwana, kuma a gidan wa?

A ganina wannan tambaya aikin ikkilisiya ce, ba ta yaron da ubansa kaɗai ba. Ni ma sai da na ji jiki na gane haka. Akwai wani saurayi da na yi wa baftisma da hannuna. Mahaifinsa ya sayar da buhunan masara ya haɗa masa kuɗin hayar shekara. A Kano ya gamu da wani da ya ce shi dillalin gidaje ne, ya nuna masa ɗaki, ya karɓi kuɗin haya da la'ada, ba rasit, ba shaida. Ranar da yaron ya zo da tabarmarsa, mai gidan ya ce bai san wannan mutum ba, ɗakin ma da mai shi. Kunya ta hana shi dawowa gida. Watanni ya yi yana kwana a bakin shaguna, ya daina zuwa sujada, mu kuwa a nan muna cewa yaro yana birni lafiya. Ina da abokai fastoci a Kano tun muna makarantar tauhidi. Wasiƙa mai layi uku ta isa ta tsare shi daga wannan wahala, amma ban rubuta ba.

Ya kamata iyaye su san yadda haya take a birni. A ƙauye, baƙo kan sami ɗaki a gidan dangi ko a zaure ba tare da an yi maganar kuɗi ba. A birni mai gida yana son kuɗin shekara guda a dunƙule, wani ma shekara biyu. Dillali yana da la'adarsa, galibi kashi 10 cikin 100. Sau da yawa akwai kuɗin rubuta yarjejeniya, da kuɗin ajiya don gyaran abin da ɗan haya zai ɓata. Bayan an shiga, ga kuɗin wuta, ga 'yan ga-ruwa, ga kwasar shara. Ɗaki mai araha kuma yakan kasance nesa da wurin aiki. Shi ya sa masu ƙaramin ƙarfi da ke aiki a Abuja suke kwana a Nyanya, Mararaba, Masaka ko Suleja. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, abin da mutum ya rage a haya yakan ƙare a kuɗin mota. Uban da ya ƙirga kuɗin ɗaki kaɗai, bai ƙirga rabin nauyin da ya aza wa ɗansa ba.

Sai kuma matsalar da ta fi shafarmu, mu Hausawa masu bi. Manyan biranenmu sun rarrabu. Sabon Garin Kano tun wajen 1913 Turawa suka keɓe shi domin baƙi daga kudu. A Kaduna, bayan rikicin shekara ta 2000, Kirista da yawa suka koma kudancin kogi, Sabon Tasha, Narayi, Television da Unguwar Romi, Musulmi da yawa kuma suka koma arewacinsa. To, ɗanmu mai suna Musa ko Aminu, wanda ba ya jin wani harshe sai Hausa, ina ne nasa? A wata unguwa, idan aka gane Kirista ne, sai a ce an riga an ba da ɗakin. A wata unguwar kuma, mai gida Kirista ne ɗan'uwansa, amma da ya ji sunansa da harshensa sai ya yi shakka, don bai taɓa jin akwai Bahaushe Kirista ba. Sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zama a duk inda yake so a ƙasar nan, amma ba da tsarin mulki ake ƙwanƙwasa ƙofar mai gida ba. Da mutumin da ya san ka ake zuwa.

Dole mu faɗi gaskiya, akwai masu gidaje Musulmi da suka riƙe 'ya'yanmu da amana, suka yi musu haƙuri lokacin da haya ta makara, akwai kuma Kirista da suka cuce su. Tsoron baƙo ne ya fi yawa a lamarin. Amma sakamakonsa a kanmu yake ƙarewa. Yaron da ya gaji da yawo yakan fara ɓoye bangaskiyarsa don ya sami ɗaki, wanda kuwa ya ɓoye ta ran Litinin, da wuya ya fito da ita ran Lahadi. 'Yarmu da ba ta da wurin kwana takan faɗa hannun namijin da ya ce ta zo su zauna kafin ta samu. Bayan shekara biyu sai maganar ta dawo gaban dattawa a matsayin horo, alhali tun ranar da muka raka ta tasha aka fara ɓarnar.

Abin mamaki, kakanninmu sun san maganin wannan. Fataken Hausa da ke zuwa Gwanja sayen goro ba a titi suke kwana ba. Kowane zango yana da mai masauki wanda zai sauki baƙo, ya tsaya masa, ya haɗa shi da mutanen kirki. Haka Sabo ta Ibadan da zangon Kumasi suka ginu. Ikkilisiyar farko ma haka ta yi. Da Bulus ya isa Korinti, gidan Akila da Biriskila ya sauka. Da Afolos zai haye Akaya, 'yan'uwa sun rubuta wasiƙa domin a karɓe shi. A Romawa sura 16 Bulus ya gabatar da Fibi ga masu bi na Roma domin su taimake ta. Shi kansa shekara biyu ya yi a gidan haya a Roma, kamar yadda ƙarshen Ayyukan Manzanni ya nuna. Al'adarmu da Littafinmu sun haɗu a kan abu ɗaya, mu ne muka saki duka biyun.

Saboda haka ga shawarata. Na farko, kada wani ɗan ikkilisiya ya bar gida sai da wasiƙar gabatarwa daga fasto da dattawa, a kuma buga waya ga faston can tun kafin ya hau mota. Na biyu, ikkilisiyoyinmu masu sujada da Hausa a Kano, Zariya, Kaduna da Abuja su zaɓi dattijo ɗaya da mace ɗaya daga zumuntar mata waɗanda aikinsu shi ne sauke baƙi na mako biyu ko uku, da raka su wurin mai gida. Mai gidan da ya ga dattijo ya tsaya wa yaro, zuciyarsa takan kwanta. Na uku, a lokacin godiyar kaka, kowace ikkilisiya ta ware wani abu daga hatsin da aka kawo, ya zama rancen haya ba ruwa, wanda ya samu ya biya don na bayansa.

Wani zai ce ikkilisiyoyin ƙauye ko albashin mai bishara ba sa iya cikawa. Gaskiya ne. Amma wasiƙa da kiran waya ba sa cin buhu ko ɗaya, kuma su ne suka fi muhimmanci. Rancen yana iya jira har Allah ya hore.

Ku kuma matasa, ku ji. Kada ku ba da ko kwabo sai kun ga mai gidan da idonku, kun tambayi maƙwabta da mai unguwa. Ku biya a gaban shaida, ku karɓi rasit da yarjejeniya a rubuce. A Abuja da yawancin jihohi, idan yarjejeniya ba ta faɗi wani abu dabam ba, mai biyan shekara yana da haƙƙin sanarwar wata 6, mai biyan wata-wata kuma wata 1, kuma kotu ce ke fitar da ɗan haya. Ku faɗi addininku tun ranar farko. Idan kuka shiga, ku biya a kan lokaci, ku share tsakar gida, ku gai da maƙwabta, domin halinku ne zai buɗe wa ƙanenku ƙofa ko ya rufe ta.

Kaka mai zuwa za su sake sallama a ƙofarmu. Mu yi musu addu'a kamar kullum, sa'an nan mu ɗauki alƙalami. Ubangiji ya ba mu hikima, ya tsare 'ya'yanmu a inda suke. Amin.