Shinkafar da ake goge rabinta a Japan, da buhun da ake karya wa farashi a Dandume

A Disamba 2024 UNESCO ta sa sana'ar haɗa sake, giyar shinkafa ta Japan, cikin al'adun duniya da ake adanawa. Giya dai haramun ce, ba ita ta kawo mu ba. Yadda ake cinikin shinkafarta ne ya shafe mu.

Sake mafi tsada, wadda suke kira daiginjo, sai an goge ƙwayar shinkafa har rabinta ya tafi. Akwai Dassai 23, wadda kashi 23 cikin 100 na ƙwayar kaɗai ke saura. Ƙwayar da ta tsage ba ta jure wannan guga, gari take komawa. Shi ya sa a yankin Hyogo, inda aka fi noman irin Yamada Nishiki, kamfanoni suka daɗe suna ƙulla yarjejeniya da ƙauye guda tun kafin shuka: iri ɗaya, a auna ingancinsa, a biya gwargwadonsa.

Mu dawo gida. Tun da gwamnatin tarayya ta ɗage harajin shigo da shinkafa da masara na kwana 150 a 2024, farashin shanshera ya sauko, kuɗin taki kuwa bai bi shi ba. Manomin Funtua, Bakori, Kafur ko Malumfashi ba shi da iko da manufar Abuja. Amma akwai asarar da a gonarsa take farawa.

Ku buɗe buhu a kasuwar Dandume. Sau da yawa za ku ga iri daban-daban a gauraye, doguwa da gajera, ga tsakuwa daga masussuka. Mai inji ba zai iya daidaita injinsa da tsayi biyu ba, dole ɗaya ta kakkarye. Dillali ya san haka, don haka yake rage wa kowa kuɗi, har wanda ya gyara tasa.

Babbar ɓarna a shanya take. Shinkafar da ta bushe ƙayau a gona, raɓa ta jiƙa ta da dare, rana ta sake gasa ta, tana tsagewa a cikin ɓawonta, ido bai gani sai ta shiga inji. A girbe idan kusan kashi 80 zuwa 85 na zangarniya ya yi launin kara, a casa a kan tamfol, a shanya ana juyawa har danshi ya sauko kusan kashi 14.

Kada a ce mu kwaikwayi gugar Japanawa. Tamu ta ci ce, yawan guga na kwashe sinadarin B1, turarawar da matanmu ke yi kuwa tana tura shi cikin ƙwaya, ta kuma rage karyewa.

A ganina abin ɗauka shi ne yarjejeniyar. Ƙungiya ta tsayar da iri ɗaya, ta sayi ma'aunin danshi guda, ta zauna da mai inji kafin damina, a rubuta farashin mai lamba ɗaya daban da na gauraye. Sai dai a kula: a 2025 da shinkafar ci ta yi tsada a Japan, wasu manoma sun bar noman ta sake, domin ƙarin da ake ba su bai kai ba. In mai inji ya ƙi rubuta ƙarin, ku nemi wani tun ba a zuba iri ba.